Kulɓar da Ta Tsira a Kan Dutse Guda

Duk wanda ya tashi a gida mai rumbu ko tarin itacen girki a cikinku ya san kulɓa. Ita ce 'yar abar nan mai santsin jiki da sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa, wadda ke fitowa shan hantsi a gindin katanga, da ta ji motsi sai ta sulale cikin busassun ganye. Mu dai da muna yara ba mu taɓa barin ta ta wuce lafiya ba. An gaya mana tana da dafi, saboda haka da an hango ta sai jifa. Sai da muka girma muka gane ba ta da dafin komai, ƙwari kawai baiwar Allah take nema.

To, a wannan makon za mu kai ku wata ƙasa inda ake ɗaukar mutane aiki domin su yi gadin kulɓa, su ƙirga ta, su auna nauyinta, su yi renon 'ya'yanta. Sunan ƙasar Morishus. Kada ku rikita ta da Muritaniya ta nan yammacin Afirka. Morishus tsibiri ce a cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 900 gabas da Madagaska. Ƙarama ce ƙwarai: in aka raba jihar Kano gida goma, kashi ɗaya shi ne girmanta, mutanenta kuma sun ɗan haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ta sami 'yancin kai daga Ingila ran 12 ga Maris, 1968. Tun daga tagar jirgi abin da ido ke fara gani shi ne rake, gona bayan gona, har gindin duwatsu. Dajin asali na ƙasar kusan duk an sare shi, wanda ya rage mai kyau bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Mun sauka a Mahébourg, wani garin masunta da ke kudu maso gabas, kusa da filin jirgin sama. Daga bakin ruwan garin ana hango wani ɗan tsibiri shimfiɗaɗɗe, kore shar, kamar an kifa faifai a kan ruwa. Sunansa da Faransanci Île aux Aigrettes, ma'anarsa tsibirin balbela, ko da yake balbelun da aka sa masa suna dominsu sun daɗe da ɓacewa. Mu ma Tsibirin Balbela za mu riƙa kiransa. Faɗinsa kamar hekta 26 ne, wato wajen filin ƙwallo 35 a haɗe, tsakaninsa da gaɓa kuma bai cika kilomita ɗaya ba. Tun 1965 gwamnati ta killace shi, kuma wata gidauniyar kare namun daji ta ƙasar, Mauritian Wildlife Foundation, ita ke kula da shi. Ba a shiga sai da ɗan jagora.

Jagorarmu wata matashiya ce, ba ta fi yayyenku da ke jami'a ba. Kafin mu taka kwalekwale sai ta ce kowa ya buɗe jakarsa ya kakkaɓe, a kuma duba ƙasan takalma. Muka dubi juna. Mun zaci irin binciken filin jirgi ne, ashe ita ba ruwanta da wuƙa ko almakashi. Ɓera take nema, da tururuwa, da ƙwayar ciyawa. Ai kuwa a cikin ɗinkin jakar ɗayanmu ta zaro wata busasshiyar ƙarangiya, wadda babu shakka tun daga gida ta maƙale. Muka fashe da dariya, ita kuwa ko murmushi. Ta naɗe ta a takarda ta sa a aljihu, sannan ta ce mu shiga. A lokacin mun ɗauka tsananin ya yi yawa. Kafin azahar mun canza ra'ayi.

Tafiyar ba ta wuce minti goma ba, a kan ruwa garai-garai wanda kana hango yashin ƙasansa. Tsibirin kansa tsohon murjani ne da ya taso sama, dutse mai kaifi da ramuka, in ka faɗi a kai sai ka yi jinya. Da muka shiga cikin itatuwa sai inuwa ta rufe mu. Jagorar ta dafa wata bishiya mai baƙin jiki ta faɗi sunanta na kimiyya, sai ɗayanmu da ya karanta aikin gona ya ce ai wannan 'yar'uwar kanya ce. Haka ne kuwa, gidansu ɗaya da kanyar da muke sha a kasuwar ƙauye. Baƙin katakon irin waɗannan itatuwa na cikin abin da ya fara jawo Turawan Holan, waɗanda suka sauka a wannan gaɓa a 1598. A ƙarƙashin bishiyar wani ƙaton kunkuru yana kiwo, girmansa ya kai turmi a kife. Shi ma baƙo ne, daga tsibirin Aldabra na ƙasar Seshels aka kawo irinsa, domin kunkuran Morishus na asali matuƙan jiragen ruwa sun cinye su ƙarƙaf. An kawo shi ya riƙe musu aikinsu: ya ci 'ya'yan kanyar da suka zubo, ya je can gaba ya kasayar da ƙwallon, ya tsiro.

A kan hanyar cikin dajin an kakkafa gumakan tagulla na halittun ƙasar da suka ƙare. Na farko shi ne dodo. Ba Dodon tatsuniya mai cin yara ba, wannan wani tsuntsu ne mai ƙiba wanda bai iya tashi, bai kuma san tsoron mutum ba. Ganin ƙarshe da yawancin masana suka amince da shi an yi shi ne a 1662, shekara 64 kacal bayan saukar mutanen Holan. Yau hotonsa na kan tambarin ƙasar da takardun kuɗinta. Kowa ya tsaya ɗaukar hoto da shi. Amma gunkin da ya tsayar da mu wani ne can gaba, a kwance bisa dutse: kulɓa ce sak, kai da jiki da gajerun ƙafafu, sai dai ta kusa kai girman damo. Muka tambaya ko maƙerin ne ya ƙara gishiri. Jagorar ta ce a'a, daidai girmanta ke nan. Ƙiyasin da aka yi daga ƙasusuwanta ya nuna tsawonta ya haura santimita 60, tana cikin manya-manyan kulɓar da duniya ta taɓa sani.

Labarin ƙasusuwan nan zai yi muku daɗi, don malamin makaranta ne ya buɗe ƙofarsa. Sunansa George Clark, yana koyarwa a nan Mahébourg. Ya shafe shekaru yana neman ƙashin dodo bai samu ba, har mutane suka fara shakkar ko an taɓa yin tsuntsun ma. A 1865 ya sa leburori suka shiga wata fadama mai suna Mare aux Songes, kusa da inda filin jirgi yake yanzu, suna lalube cikin taɓo da ƙafafunsu. Sai ga ƙasusuwan dodo tuli. A cikin wannan fadama aka tsamo na ƙatuwar kulɓar, wani masani a Landan mai suna Albert Günther ya raɗa mata suna a 1877. Daga ƙashi kawai aka san ta. Ta ƙare tun wajen ƙarni na 17, kafin wani ya damu da ya zauna ya zana ta.

Muna tsaye gaban gunkin sai jagorar ta ɗaga hannu, alamar mu yi shiru. Muka ji kwaram-kwaram cikin busassun ganye. Can sai ga ta ta fito, ƙanwar wadda aka ƙera da tagulla, da ranta da lafiyarta. Tsawonta daga hanci zuwa jela ya kai santimita 30 zuwa 40, wato ta fi rular da ke cikin jakarku. Launinta toka-toka ne mai ratsin ƙasa-ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi, amma da ta shiga inda rana ta ratso sai jikin ya riƙa walƙiya da kore da shunayya kamar wuyan tattabara. Abin da ya fi ba mu mamaki rashin tsoronta. Kulɓar gidanmu ko inuwarka ta gani ta gudu. Wannan kuwa ta tako har gaban takalmin ɗayanmu, ta zaro harshe ta ɗanɗana igiyar takalmin, ta ɗaga kai ta dube shi kamar mai tambayar me ya kawo mata. Shi kuwa gogan, wanda ya fi kowa cika bakin jifan kulɓa yana yaro, ya ƙame kamar soja.

Ana kiranta kulɓar Telfair. Charles Telfair likitan jirgin ruwa ne ɗan ƙasar Ayalan wanda ya zo tare da sojojin Ingila da suka ƙwace tsibirin daga Faransa a 1810, ya zauna yana nazarin tsirrai. Abokinsa Julien Desjardins ne ya bayyana kulɓar a rubuce a 1831 ya sa mata sunansa. Ba za mu ɓoye muku ba, Telfair ɗin nan yana da gonar rake da bayi ke nomawa. Sunan dai ya riga ya bi ta, ita kuwa ba ta san an yi ba.

A nan bari mu ɗan koma aji. Kun tuna yadda malamin bayoloji ke jera halittu daki-daki, daga babban iyali zuwa gida, daga gida zuwa jinsi? Iyalin kulɓa babba ne, jinsunansa sun haura 1,500, suna ko'ina a ƙasashe masu ɗumi. A cikin iyalin akwai gidaje, abin da littafinku ke kira genus. Wani gidan cike yake da ɗaruruwan jinsuna, wani kuwa 'yan tsiraru ne. Gidan kulɓar Telfair, mai suna Leiolopisma, yana cikin ƙananan. A da masana sun mai da shi kamar ɗakin ajiyar tarkace, duk kulɓar Ostareliya ko ta New Zealand da aka rasa inda za a sa ta sai a tura ta ciki. Da aka zurfafa bincike aka kwashe su zuwa gidajensu na gaskiya, sai gidan ya rage 'yan ƙalilan, dukkansu mazauna tsibirai. Uku daga ciki 'yan wannan yanki ne: ƙatuwar nan ta gunki, da wata da ta zauna a tsibirin Réunion da ke maƙwabtaka, wadda ita ma sai ƙashinta aka gani aka sa mata suna a 2008, sai ta Telfair. Biyu sun tafi, ɗaya ta rage. Akwai wata kuma can a ƙasar Fiji, a Tekun Pasifik, wadda aka lissafa a gidan.

Yaya aka yi kulɓa ta zo tsakiyar teku? Morishus aman wuta ne ya haife ta daga ƙarƙashin ruwa, kimanin shekara miliyan 8 da suka wuce, ba ta taɓa haɗuwa da wata nahiya ba. Duk abin da ke kanta ko dai ya zo a sama, ko ya zo a kan ruwa. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna dangin kulɓar Telfair na kusa ba a Afirka ko Madagaska suke ba, suna can wajen Ostareliya, tazarar da ta haura kilomita 5,000. Abin da masana suka fahimta shi ne kakanninta sun taho ne maƙale a jikin gungumen itace ko tarin ciyawa da ambaliya ta tura teku, igiyar ruwa mai tafiya yamma ta kawo su. Ku yi tunanin watanni nawa wannan tafiya ta ci, ba ruwan sha, ba inuwa. Kulɓa za ta iya, don jikinta na jure yunwa da ƙishi. Ɓera ko kyanwa ba za su iya ba. Shi ya sa kafin zuwan mutane babu wata dabba mai shayarwa a Morishus in ban da jemage. Tsuntsaye da masu jan ciki ne suka gaji ƙasar, suka yi dubban ɗaruruwan shekaru ba mai farautar ƙwansu da dare. Rashin tsoron da muka gani a gaban takalmi gadon wancan zamani ne.

Sai jiragen ruwa suka fara zuwa, ɓeraye suka biyo igiya suka sauka. Bayansu aka kawo aladu da birai da kyanwoyi, can wajen 1900 kuma aka kawo tunku wai ya kashe ɓera, shi ma ya shiga sahun masu ɓarna. Kulɓar Telfair tana binne ƙwanta a ƙasa, 'ya'yanta kuma in sun ƙyanƙyashe ba su fi ɗan yatsa ba. Ga ɓera wannan tuwo ne da miya. Ta ƙare a babban tsibirin. Ta ci gaba da zama a wasu ƙananan tsibirai na arewa har cikin ƙarni na 19, su ma da ɓera ya taka su sai ta ɓace. Wuri ɗaya tak ya rage mata a duk faɗin duniya, wani dutse mai suna Round Island, kilomita 22 daga gaɓar arewa.

Dalilin tsirarta a can zai ba ku dariya: wurin ba shi da mashiga. Dutse ne mai gangara, tsayinsa mita 280, ba yashi, ba inda jirgi zai jingina. Wanda zai sauka sai ya jira igiyar ruwa ta ɗaga kwalekwale, ya yi tsalle ya dafe dutse mai santsi. Tun da jirgi bai iya ɗaurewa a jikinsa, ɓera bai taɓa samun gadar hayewa ba. Da wurin yana da kyakkyawar gaɓa irin wadda masu yawon buɗe ido ke so, da yanzu gumaka biyu ne a Tsibirin Balbela.

Sai dai abin da ɓera ya kasa, akuya ta kusa yi. A ƙarni na 19 mutane suka saki awaki da zomaye a kan dutsen. Duk wanda ajinsu ya taɓa dasa bishiya a harabar makaranta ba tare da an kewaye ta da ƙaya ba ya san sauran labarin. Tsibirin a da cike yake da wasu itatuwa dangin giginya da kwakwa waɗanda babu irinsu a ko'ina. Manyan suna nan tsaye suna zubar da 'ya'ya, amma duk wanda ya tsiro sai a cinye shi tun yana ganye biyu. Tsofaffin suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ba magaji, har wani iri ya kai saura bishiya guda a daji. Da ciyawa ta ƙare, ruwan sama da guguwa suka wanke ƙasar zuwa teku, ya zama saura tsurar dutse da kwazazzabai. Ita kulɓa a cikin tarin ganyen da ke gindin itatuwan nan take farauta, 'ya'yansu take ci, a cikin ƙasar kuma take haƙa rami. Zuwa shekarun 1970 'yan dubbai suka rage. Wani maciji marar dafi mai shiga ƙasa, wanda shi ma nan kaɗai yake, an yi masa ganin ƙarshe a 1975.

A wannan lokaci ne wani Bature mai gidan namun daji a tsibirin Jersey, Gerald Durrell, ya ziyarci wurin, ya ɗebi wasu kulɓar ya kai gidansa domin a hayayyafa su, ko da na dutsen za su ƙare. Amma ainihin maganin shi ne a raba tsibirin da masu cinye shi. Aka gama da awaki a 1979. Zomaye suka fi wuya, don suna cikin ramuka, sai a 1986 aka ga bayansu da taimakon ƙwararru daga New Zealand, waɗanda suka bi tsibirin taki-taki suna ajiye abinci mai guba. Wani zai ce ai zomo ma rai ne, kuma gaskiya ne, mu ma abin ya ɗan sosa mana rai. Amma zomo yana nan a nahiyoyi da yawa, kulɓar nan kuwa in ta bar dutsen nan ta bar duniya. A ganinmu zaɓin da suka yi daidai ne.

Bayan haka itatuwa suka fara tsirowa da kansu, ma'aikata suka dasa wasu dubbai, suna ɗaukar ruwa a jarka suna hawa dutse da shi. Kulɓa ta yaɗu har ta kai dubun-dubata. Kuma ba zaman banza take yi ba. Tana cin 'ya'yan itace ta watsa irinsu, tana lasar ruwan fure ta kwashi garinsa zuwa wani furen, tana cin ƙwari da mushen tsuntsayen teku, har da ƙananan 'yan'uwanta in ta samu. Masu aikin da ke kwana a can, in ji jagorarmu, ba sa ajiye kwanon abinci a ƙasa, don kafin ka juya sun kewaye shi, wata ma har cinyarka za ta hau. Har yau ba a barin kowa ya je sai ma'aikata da masu bincike, yawanci a jirgi mai saukar ungulu, kuma duk abin da za a kai, daga shinkafa har safa, sai an bincike shi an rufe cikin ganga.

Duk da haka hankalin masu kula da ita bai kwanta ba. Dukiyar da aka tara a ɗaki ɗaya, gobara ɗaya ta ishe ta. Jirgi guda ya farfashe a jikin dutsen da ɓera mai ciki a cikinsa, aikin shekara talatin ya tashi a banza. Saboda haka a 2006 da 2007 aka ɗebi wasu ɗaruruwa aka raba su gida biyu: wasu zuwa wani tsibirin arewa mai suna Gunner's Quoin, wanda aka riga aka share ɓerayensa, wasu kuma nan Tsibirin Balbela. Wadda ta lashi igiyar takalmin abokinmu daga cikin zuriyarsu take.

A Gunner's Quoin abin ya yi kyau sosai, har ya kai a 2012 aka kai musu wani macijin Round Island da ya rage, wanda babban abincinsa ita ce kulɓar. Ku ji fa: an yi shekaru ana renon kulɓa, da ta yi yawa sai aka kawo mai cin ta. Haka tsarin yake tun asali, shi ma macijin yana bakin ƙarewa ne.

A Tsibirin Balbela kuwa an gamu da tsohuwar abokiyar gabarmu ta ɗakin girki, wato jaɓa. Irin ta can daga Asiya ta zo cikin kayan jiragen ruwa, amma dogon bakin da warin duk ɗaya ne da tamu. An kawar da ɓeraye daga tsibirin tun farkon shekarun 1990, jaɓa kuwa ta gagara. Ita mai cin ƙwari ce, ba ta damu da hatsin da ake sa wa guba ba, ga kuma ramukan murjani dubu da za ta ɓuya. Babbar kulɓa ta fi ƙarfinta, har takan kashe ta. Amma jariran kulɓa abincin jaɓa ne. Dabarar da aka yi ita ce a tattara ƙwai a ƙyanƙyashe su a killataccen wuri, a reni 'ya'yan har su yi girman da jaɓa ba za ta iya da su ba, sannan a sake su. An nuna mana wurin, 'yan kulɓa suna ta kai da kawo a cikinsa. Aiki ne na kullum, ba ranar gamawa, kuma babu wanda zai sa hoton mai yin sa a kan takardar kuɗi.

Da muka tambaya ko jaɓa ɗaya za ta iya yin wata babbar ɓarna, sai jagorar ta ba mu labarin Flat Island, shi ma a arewa. A can akwai wata 'yar ƙaramar kulɓa mai jela ruwan lemo, ta wani gidan daban, wadda nan ne kaɗai mazauninta, kuma tana da yawan gaske. A 2010 aka ga jaɓa a tsibirin, ana kyautata zaton cikin kayan da aka sauke daga jirgi ta shigo. Kafin shekara biyu ta cika, ko ɗaya ba a ƙara gani ba. Abin da ya ceci jinsin shi ne 'yan ɗaruruwan da aka yi saurin kwashewa zuwa Gunner's Quoin. Tana cikin ba da labarin ta taɓa aljihun da ƙarangiyarmu take ciki. Babu wanda ya yi dariya wannan karon.

Wani haɗarin kuma ta teku ya zo. Daga gefen tsibirin na kudu ta nuna mana inda igiyar ruwa ke fashewa a kan murjani, kamar kilomita 2 daga inda muke tsaye. A nan ne ran 25 ga Yuli, 2020, wani ƙaton jirgin dakon kaya na kamfanin Japan mai suna Wakashio ya dunguri murjani ya kafe. A kotu ta bayyana cewa an matso da jirgin kusa da gaɓa ne domin ma'aikatansa su sami sabis na waya, ana kuma bikin zagayowar ranar haihuwar wani a ciki. Ran 6 ga Agusta mai ya fara tsiyaya, kimanin tan 1,000 ya malala cikin ruwan nan da muka ce garai-garai ne, ya kewaye Tsibirin Balbela. Mutanen gari ba su jira gwamnati ba. Suka ɗinka dogayen buhuna suka cusa musu ganyen rake da gorunan roba domin su tare man, mata da maza suka yi ta aske gashin kansu ana zubawa a ciki, saboda gashi na shan mai. Ma'aikatan gidauniyar kuma suka yi ta jigilar tsirrai da tsuntsaye zuwa babban tsibiri. Daga wasu ƙananan tsibirai na kusa aka kwashe kulɓa da tsaka fiye da 60 na jinsunan da ba su da yawa, aka kai su Jersey a jirgin sama. Jagorarmu tana cikin waɗanda suka ba da gashinsu, ta ce sai da ta shekara tana ɗaura ɗankwali.

Kashegari muka hau bas muka ratsa ƙasar zuwa ƙarshenta na arewa, wani ƙauye mai suna Cap Malheureux, inda akwai wata 'yar coci mai jan rufi a bakin ruwa. Daga nan Gunner's Quoin yana gabanka ƙiri-ƙiri, gefe ɗaya a tsaye kamar an datse shi da gatari. Can nesa cikin hazo, ta hannun dama, sai wani dutse mai kama da ƙoƙo a kife. Shi ne Round Island. Kusa da shi akwai wani ƙarami mai suna Serpent Island, wato tsibirin maciji. Mutanen wurin suna da abin dariya a kansu: wanda ake kira kewayayye ba kewayayye ba ne, kuma shi ke da macizai, na macijin kuwa shi ne kewayayye, kuma ko maciji ɗaya babu a kansa.

Wani dattijo masunci yana gyaran koma a ƙarƙashin bishiya. Muka gaishe shi, muka tambaye shi nawa zai kai mu Round Island, ko da kewaya shi kawai mu yi mu dawo. Ya dubi teku, ya dubi takalmanmu, ya ce yau ruwan ba na baƙi ba ne, sauka kuwa ko shi da aka haifa a nan bai taɓa yi ba, ba a bari. Ya ce in muna son kifi dai akwai. Muka sayi guda biyu aka gasa mana, muka zauna a kan yashi muna ci muna kallon dutsen, har hazo ya rufe shi, mai bas ya fara danna mana oda.